Diyya ko jini: yaushe jaruman Homa ke karɓar biya, yaushe suke ƙi?

Bilkisu ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu bibiyar adabin Girkawan da. Akwai wani ƙulli a waƙoƙin mawaƙinsu Homa guda biyu, Iliyad da Odisi, da nake so a taya ni kwancewa.

A babi na 9 na Iliyad, bayan Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa da ke yaƙar birnin Turoya, ya ƙwace wa babban jaruminsu Akilis baiwarsa Biriseyis, ya aika masa da tayin sulhu: tukwane masu ƙafa uku guda 7 da ba su taɓa hawa wuta ba, talanti 10 na zinariya (talanti ma'aunin nauyi ne), manyan tasoshi 20, dawakin sukuwa 12, mata 7 'yan tsibirin Lesbos, da ita kanta Biriseyis tare da rantsuwar bai kusance ta ba. Ya ɗora da alkawarin ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata uku ba tare da sadaki ba, da garuruwa 7. Akilis ya ce ko an ninka sau 20 ba ya so. Amma a babi na 24 Firiyam, sarkin abokan gaba kuma uban wanda ya kashe masa amini, ya zo da kayan da ba su kai waɗancan ba ko kusa, Akilis ya karɓa ya ba shi gawar ɗan nasa, Hekta. A Odisi kuma, babi na 22, Yurimakus ya ce kowane ɗaya cikin maneman Fenelofi, matar Odisiyus, zai biya kimar shanu 20, su yi ta kawo tagulla da zinariya har zuciyar Odisiyus ta huce. Ya ƙi, ya karkashe su.

To akwai ƙa'ida ne? Wane laifi dukiya ke rufewa, wanne ne sai jini? Kuma shi mawaƙin, ƙin sulhu yake kira jarumtaka?

Malam Sani ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Bilkisu. Ƙa'ida kam akwai, sai dai ukun nan da kika jera ba shari'a ɗaya ba ce. Bari in ɗauki ta Agamemnon, in bar wa 'yan uwa sauran.

A rundunar da ta yi sansani a gaban Turoya, girman mutum abu ne da ake gani da ido. In an ci gari sai a tara ganima, kafin kowa ya ɗauki rabonsa a ware wa manya wani abu na musamman, yawanci baiwa. Wannan keɓaɓɓen kaso shi ne shaidar matsayin mutum a bainar jama'a. Sarfedon, sarkin Likiya da ke taimakon Turoya, ya faɗi cinikin ƙarara a babi na 12, inda yake tambayar ɗan'uwansa Gulakus me ya sa a Likiya ake ba su mazauni na gaba, da zaɓaɓɓen nama, da cikakkun kofuna, da gonar alkama da lambu a bakin kogi. Shi ya ba kansa amsa: saboda haka wajibi ne su tsaya a sahun farko, don mutanen Likiya su ce sarakunanmu ba a banza suke cin kitsen tumaki ba. Ka ba da ƙirji ga mashi, jama'a su ba ka girma. Wannan yarjejeniya Agamemnon ya karya.

Da annobar da Afolo, ɗaya daga allolinsu, ya saukar ta yi kwana 9 tana cin sansani, aka tilasta wa Agamemnon mayar da baiwarsa Kiriseyis ga ubanta, sai ya ce lalle a ba shi madadi nan take. Akilis ya ce an riga an raba ganima, ya jira a ci Turoya a biya shi ninki uku ko huɗu. Agamemnon ya amsa cewa Biriseyis zai ɗauka, don Akilis ya san ya fi shi, wani ma ya ji tsoron daidaita kansa da shi. A gaban dukan mayaƙa ya faɗi haka. Ashe ba rashin baiwa ne ciwon ba, an yi amfani da shi ne aka tsoratar da saura. Tushen rikicin kuwa fifiko iri biyu ne suka yi karo: Agamemnon ya zo da jiragen ruwa 100, Akilis da 50, amma Akilis ne ya ci garuruwa 12 ta teku da 11 ta tudu.

Don ki ga abin da tayin babi na 9 ya rasa, duba sulhun da ya yi kyau a babi na 23. A tseren keken doki Antilokus ya matse Menelawus a wata ƙuntatacciyar hanya ya wuce shi da dabara. Menelawus ya karɓi sanda daga hannun sanƙira, ya nemi yaron ya tsaya gaban dawakinsa da bulala a hannu ya rantse bai yi maguɗi ba. Antilokus bai rantse ba. Ya ce shi yaro ne, Menelawus ya girme shi kuma ya fi shi, ya jawo goɗiyar da ya ci da kansa ya danƙa masa a hannu. Menelawus ya huce, ya mayar masa da goɗiyar, ya ɗauki tasar da ke matsayi na uku. Abubuwa huɗu suka haɗu: mai laifi ya zo da ƙafarsa, a gaban waɗanda suka ga laifin, ya amsa da bakinsa, ya bar wa wanda aka ɓata wa rai damar nuna karamci.

Agamemnon bai yi ko ɗaya ba. Ya amsa cewa hankalinsa ya gushe, amma a cikin tantinsa tsakanin dattawa, alhali cin mutuncin a fili ya yi shi. Bai je ba, ya tura Odisiyus da Ajas da Finis da dare. Akilis ya lura, har ya ce mutumin ba zai iya kallon idonsa ba. Sannan Agamemnon ya rufe jerin kyautarsa da cewa Akilis ya sauko ya bi shi, tunda ya fi shi sarauta kuma ya girme shi. Odisiyus ya maimaita jerin kusan kalma da kalma amma ya haɗiye wannan jimla, kuma abin da Akilis ya fara cewa shi ne ya tsani mai ɓoye abu a zuci ya faɗi wani a baki kamar yadda ya tsani ƙofar lahira. Yawan kayan ma kansa tarko ne. Wanda ya auri 'yarka ya zauna a garuruwan da ka ba shi, ai ya zama surukinka kuma hakiminka.

A babi na 19 Odisiyus ya gyara tsarin. Ya dage a kawo kayan tsakiyar taro kowa ya gani, Agamemnon ya rantse a gaban jama'a. Aka yi haka, aka yanka gadu, aka jefa shi teku. Sai dai an makara. Fatrokulus, aminin Akilis, ya riga ya mutu a hannun Hekta, Akilis ya ce kayan in ya so ya bayar, in ya so ya riƙe, shi yaƙi kawai yake so.

Malama Rabi ta rubuta:

Allah ya ƙara basira, Malam Sani. Ni ɓangaren jini zan taɓa, ƙanwata Bilkisu, don a nan ne ake yawan cakuɗa abubuwa biyu: diyyar wanda aka kashe, da kuɗin fansar wanda aka kama.

In kisa ya auku a cikin gari, tsakanin mutanen da gobe ma za su haɗu a dandali, babu hukumar da ke kama mai kisa. Hakkin yana wuyan dangin mamaci, hanyoyi kuma uku ne. Ko su karɓi diyya, ko mai kisan ya bar ƙasar, ko su bi jini. Ajas ya kawo ta farko a babi na 9, ya ce mutum yakan karɓi diyyar ɗan'uwansa ko ta ɗan cikinsa, mai kisan ya biya da yawa ya ci gaba da zama a gari, ga Akilis kuma ya kafe a kan mace ɗaya bayan an ba shi bakwai. A jikin garkuwar da aka ƙera wa Akilis a babi na 18 an zana irin wannan shari'a: mutum biyu na jayayya kan diyyar wani da aka kashe, dattawa zaune kan gogaggun duwatsu a da'ira, an ajiye talanti 2 na zinariya a tsakiya don wanda ya fi miƙe hukunci. Masana na karanta wurin iri biyu, ko gardamar an biya ko ba a biya ba ce, ko kuma ta dole ne a karɓa ko ana iya ƙi. Hijira kuwa Fatrokulus kansa misalinta ne. Yana yaro ya kashe ɗan wani mutum kan wasa, ba da niyya ba, ubansa ya ɗauke shi daga Ofus ya kai shi gidan Feliyus, uban Akilis. Da haka ya tashi tare da Akilis.

Fagen fama daban ne. Ba a biyan diyya ga abokin gaba, abin da ake yi shi ne wanda aka rinjaya ya rungume gwiwar mai nasara ya roƙa a kama shi da rai, danginsa su fanshe shi. Akilis na da yana yin haka. Andiromaki, matar Hekta, ta shaida a babi na 6 cewa ya kashe ubanta amma kunya ta hana shi tuɓe masa sulke, ya ƙona shi da makamansa ya yi masa tudun kabari, ya kuma saki uwarta bayan an biya fansa. To amma a kwanakin da waƙar take bayarwa, babu mai roƙo ɗaya a fagen fama da ya tsira: Adirestus a babi na 6, Dolon a na 10, 'ya'yan Antimakus biyu a na 11, Turos a na 20, Likawon a na 21.

Labarin Likawon ya kamata a karanta a hankali. Ɗan Firiyam ne. Akilis ya taɓa kama shi da dare a lambun ubansa yana saran rassan ɓaure don gyaran keken doki, ya sayar da shi a Lemnos kan kimar shanu 100. Aka fanshe shi, ya yi kwana 11 a gida, a na 12 ya sake faɗawa hannun Akilis a bakin kogi, ba kwalkwali, ba garkuwa, ba mashi. Hannu ɗaya ya riƙe gwiwar Akilis, ɗaya ya riƙe mashin da ya kuskure shi ya kafe a ƙasa. Akilis ya ce kafin mutuwar Fatrokulus ya fi son kamawa da sayarwa, yanzu kuwa ba wanda zai tsira. Ya kira shi aboki, ya ce shi ma ya mutu, ai Fatrokulus da ya fi shi nesa ba kusa ba ya mutu, shi kansa Akilis akwai safiya ko yamma ko tsakar rana da ke jiransa. Yaron ya saki mashin ya zauna ya buɗe hannuwa.

Abin da ya lalace shi ne Akilis yana neman diyyar amininsa a inda ba a biyan diyya, don haka ba ta da ma'auni. Ya kama samari 12 da rai daga kogi ya yanka su a kan tarin itacen ƙona Fatrokulus, mai taku 100 kowane gefe, tare da dawakai 4 da karnuka 2. Ya kashe Hekta, ya huda agarar ƙafafunsa ya zura igiyar fata ya ja shi a bayan keken doki, kullum da asuba kuma ya zagaya kabarin da gawar sau uku. Duk da haka ba ya barci. Afolo ya faɗa a taron allolinsu cewa mutumin nan ya kashe tausayi kuma ba shi da kunya, yana wulaƙanta ƙasa marar ji. Akwai dalili na biyu da ya sa ramuwar ba ta ƙosar da shi: shi ya ba Fatrokulus sulkensa ya tura shi, ya kuma faɗi da bakinsa a babi na 18 cewa bai zama haske ga abokinsa ba, yana zaune a gefen jirage kamar kayan nauyi a doron ƙasa. Wani kaso na laifin yana wuyansa, jinin Hekta ba zai wanke wannan ba.

Kayan Firiyam kuwa an lissafa su: tufafi iri biyar, kowane iri 12, talanti 10 na zinariya, tukwane masu ƙafa uku guda 2, tasoshi 4, da wani kofi da mutanen Tires suka ba shi. Ziyus, babban allolinsu, ya riga ya aika Tetis, uwar Akilis, ta umarci ɗanta ya karɓa, kada a manta da wannan. Amma umarni gawa kaɗai zai fitar, yadda tsohon ya zo ne ya sauya zaman. Ya zo da kansa, da dare, da dattijon sanƙira ɗaya da keken alfadarai. Ya durƙusa ya rungume gwiwoyin Akilis, ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa 'ya'ya. Maganarsa ta farko ba ta kaya ba ce, cewa ya yi Akilis ya tuna ubansa, tsoho kamarsa. Suka yi kuka tare, kowa da wanda yake yi wa. Duk abin da Agamemnon ya ƙi yi, sarkin da ya haifi 'ya'ya maza 50 ya yi shi.

Ko a nan fushin bai mutu ba. Da Firiyam ya matsa a gaggauta, Akilis ya harare shi ya ce kada ya tsokane shi. Shi ya sa ya sa a wanke gawar a shafe ta da mai a inda uban ba zai gani ba, don kada tsohon ya ga ɗansa ya fusata, shi kuma ya kashe shi. Ya bar mayafi 2 da riga 1 daga kayan fansar aka lulluɓe ta, ya ɗaga ta da hannunsa ya aza a makara, ya roƙi Fatrokulus kada ya yi fushi. Sannan suka ci abinci tare, ya ba Turoya kwana 11 ba yaƙi: 9 na makoki, na 10 jana'iza, na 11 tudun kabari.

Malam Tukur ya rubuta:

Malam Sani, ka gafarce ni, ina da ja a wuri ɗaya. Gaskiya ne tsarin tayin ya gurgunce, amma ban yarda cewa da Agamemnon ya zo da ƙafarsa komai zai daidaita ba. Jawabin Akilis a babi na 9 ya zarce Agamemnon, ya kai ga ita kanta yarjejeniyar da ka kawo daga bakin Sarfedon. Ya ce rabo ɗaya ne ga wanda ya zauna da wanda ya yi yaƙi, girma ɗaya ga matsoraci da jarumi, mutuwa kuma ba ta bambanta wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba. Ya ce shanu da tumaki ana kwaso su a hari, tukwane da dawakai ana samunsu, amma ran mutum in ya fita ta tsakanin haƙora ba hari ba ciniki da zai dawo da shi. Kuma shi kaɗai ne uwarsa ta gaya wa hanyoyinsa biyu: ya tsaya a Turoya ya rasa komawa gida ya sami suna marar gushewa, ko ya koma ya yi tsawon rai sunan ya tafi. Mutumin da ya san farashin da zai biya ransa ne, tasoshi 20 ba za su motsa shi ba.

Abin da ya ɗan motsa shi zumunci ne. A lura da amsoshinsa uku. Ya ce wa Odisiyus gobe zai loda jirage ya tafi. Ya ce wa Finis, wanda ya rene shi, gobe sa yanke shawara. Ya ce wa Ajas, wanda ya yi masa gajeriyar magana ta abota da kunyar baƙin da ke ƙarƙashin rufinsa, ba zai yi yaƙi ba sai Hekta ya iso jiragensa da wuta. Kowace amsa ta fi ta baya laushi. Ta ukun ce kuma ta ɗaure shi, don da wuta ta kusa a babi na 16 bai iya cin maganarsa ba, sai ya tura Fatrokulus a madadinsa.

Kan tambayarki ta ƙarshe, Malama Bilkisu, amsata a'a ce. Ɗangwayen farko na waƙar sun kira fushin Akilis mai halakarwa, kuma rayukan da suka fara lissafawa na mutanensa ne. Finis ya gargaɗe shi da labarin Meliyaga, wanda ya ƙi kyauta har sai da wuta ta kama gari, ya fito ya ceci mutane, ya tashi ba kyautar. Mawaƙin yana girmama ƙarfin Akilis ƙwarai, amma bai ɓoye ko gawa ɗaya da taurin kansa ya jawo ba.

Hekta ma haka. Abin da ke tuƙa shi kunya ce. A babi na 18 Folidamas ya ba da shawara a koma cikin ganuwa, ya ƙi, aka yi wa rundunarsa kaca-kaca. A babi na 22 yana tsaye shi kaɗai a ƙofar gari, uwa da uba na roƙonsa daga saman ganuwa, abin da ya hana shi shiga shi ne kada wani da bai kai shi ba ya ce Hekta ya dogara da ƙarfinsa ya hallaka jama'a. Ya tsaya, da Akilis ya matso kuma ya gudu, suka zagaya birnin sau uku. Da ya gane an yaudare shi, ba mai miƙo masa mashi na biyu, sai ya zare takobi ya ce kada ya mutu ba gwagwarmaya, sai ya yi abin da na baya za su ji. A ganina wannan ɗan lokaci ne waƙar ta fi kira jarumtaka, daga mutumin da aka gani yana gudu yanzu-yanzu. Kunyar da ta sa ya zama garkuwar Turoya ita ce kuma ta raba Turoya da shi. Waƙar mai sama da ɗango 15,000 da jana'izarsa ta ƙare.

Bilkisu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, malamai. Na Iliyad ya zauna. Saura Odisiyus. Shi da maneman maƙwabtan juna ne, ba wanda suka kashe masa, tayin kuma a gabansa aka yi, baki da baki. Bisa bayanin Malama Rabi ai nan ne ya kamata dukiya ta yi aiki.

Malam Sani ya rubuta:

Na karɓi gyaran Malam Tukur, ko da yake ina nan kan cewa ƙwacen ne ya buɗe wa Akilis ƙofar waccan tambaya.

Malama Bilkisu, kin taɓa inda Odisi ta fi wuya. Tuhumar da Odisiyus ya karanta musu uku ce: sun cinye masa gida, sun tilasta wa kuyanginsa, sun nemi matarsa yana raye, ba tsoron alloli ba tsoron bakin mutane. Yurimakus ya yi tayin biyan ta farko kawai, abin da aka ci aka sha, ya kuma jibga sauran laifin kan Antinowus, jagoran maneman, da ke kwance da kibiya a maƙogwaro. Ban da haka sun tura jirgi da mutum 20 su yi wa Telemakus, ɗan Odisiyus, kwanton ɓauna a teku. Hanyar gari kuma an gwada ta tun babi na 2, Telemakus ya kira taro ya kai kuka, jama'a suka yi shiru. Akwai kuma lissafi. Su 108 ne, 52 daga Dulikiyon, 24 daga Same, 20 daga Zakintos, 12 daga Itaka, tsibirin Odisiyus, su Odisiyus kuwa huɗu. Rinjayensa na wannan sa'a ne kawai, an kwashe makamai daga zaure, an kulle ƙofar mata, an ɗaure ƙofar waje da igiyar jirgi, baka na hannunsa. In ya buɗe ƙofa don a je kawo tagulla, ya mutu ke nan. Ko a hakan ma shirin ya kusa rushewa, don Telemakus ya bar ƙofar ɗakin makamai a buɗe, Melantiyus, makiyayin awakin gidan da ya bi maneman, ya kwaso musu garkuwa 12 da masu 12 da kwalkwali 12.

Mawaƙin ya fi ba wannan ramuwa gaskiya fiye da ta Akilis, ya shimfiɗa ta tun babi na 1 da maganar Ziyus cewa mutane da wautarsu suke jawo wa kansu wahala. An bar mawaƙi Femiyus da sanƙira Medon da rai, kuma da tsohuwa Yurikiliya za ta yi guɗa Odisiyus ya hana ta, ya ce ba ya halatta a yi alfahari a kan gawawwaki. Duk da haka Amfinomus, ɗaya daga maneman, wanda ya hana a kashe Telemakus, ya mutu tare da saura, an rataye kuyangi 12 cikin 50, an yi wa Melantiyus gunduwa-gunduwa. Ni ban ga yadda za a karanta wannan wuri zuciya ba ta yi nauyi ba.

Kuma ƙa'idar da Malama Rabi ta kawo ba ta ɗaga masa ƙafa ba. Shi ya faɗa wa ɗansa a babi na 23 cewa wanda ya kashe mutum ɗaya ma yakan bar dangi da ƙasa, balle su da suka kashe zaɓaɓɓun samarin Itaka. Ya sa aka yi kiɗa da rawa don masu wucewa su zaci biki ake, ya sulale zuwa gonar ubansa Layartis. A babi na 24 Yufetis, uban Antinowus, ya tara dangi ya ce abin kunya ne har ga jikoki in ba su rama ba, ya kuma tuna musu mutumin nan ya tafi da jirage da maza bai dawo da ko ɗaya ba. Bisa ƙa'idarsu maganarsa daidai ce. Layartis ya soke shi da mashi, aka fara sabon zagaye, har sai da Atena, allahiyar da ke taimakon Odisiyus, ta daka tsawa, Ziyus ya jefo aradu a gabanta don Odisiyus bai tsaya ba. Hukuncin Ziyus shi ne a yi rantsuwa, Odisiyus ya ci gaba da sarauta, a sa mutane su manta da kisan 'ya'yansu da 'yan uwansu. Ba diyya, ba hijira, ba shari'a. Mutanen waƙar ba su da hanyar tsayar da abin da kansu.

Hanyar ta zo ne daga baya a dokokin birane. Dokar kisa ta Dirako a Atens, wajen shekara ta 621 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda aka sake sassaƙawa a dutse wajen 409, ta sa alƙalai 51 su tantance ko da niyya aka yi kisan. Wanda ya kashe ba da niyya ba hijira zai yi. Yafe masa na hannun uba da 'yan uwa maza da 'ya'yan mamacin, kuma sai duk sun yarda, in ɗaya ya ƙi maganarsa ce ke tsayawa. In babu dangi ko na nesa, mutum 10 daga zuriyar da mamacin yake ciki ne za su yanke ko a bar shi ya dawo.